Turke na Bakwai

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

481.

Na canza lambar allo da hannuna, kamar kullum. Allon yana bakin ƙofar sansaninmu a bayan garin Kebbe, kore ne da farin rubutu: KWANA 481 BA HAƊARI. Shekara goma sha tara na yi ina koyar da tarihi a sakandare. Na karanta labarin bafaden da aikinsa riƙe lema, da wanda aikinsa ɗanɗana abincin sarki, amma ban taɓa cin karo da wanda aikinsa ƙara ɗaya a kan jiya ba sai da na zama shi. A takarda, ni ne jami'in kiyaye haɗari da hulɗa da jama'a. A ƙauye kuwa Malam Mai Kwano suke ce mini, saboda hular kwanon da nake sawa.

Ga sana'ar kamfaninmu, don kada in tsufa in mance: mai muke nema. A huda rami a gonar mutum, a zura nakiya, a tayar, injuna su saurari yadda ƙasa ta amsa. Layin Tungar Yelwa rami ɗari biyu da sittin ne. Bakwai sun ƙi tashi. Doka ta ce kada inji ya bar layi sai an koma an kashe duk wadda ta ƙi. Injiniya Mansur, shugaban sansani, ya ce doka ba ta san damina ba, in ruwa ya sauka motocinmu a fadama za su kwana har kaka. Sai aka kafa wa kowane rami jan turken ƙarfe mai lamba, ɗaya zuwa bakwai, aka ce za a dawo.

An kawo wata takarda ranar Alhamis, na sa mata hannu. Biron ma nawa ne.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan la'asar, Tambuwal

485, na canza kafin in taho gida.

Matata Bara'atu ta tare ni da albishir tun ban cire takalmi ba. Kawu Maccido, ƙanin mahaifiyarta, ya shigo gari daga Tungar Yelwa, ya kawo mana ɗan rago mu ƙarasa kiwonsa zuwa layya.

"Da igiyarshi da turkenshi yak kawo shi, Malam. Yac ce ya san ka, in anka bar ka da neman turke sai rago ya tsufa."

Na ce Kawu bai yi ƙarya ba. Ragon yana bayan ɗakin girki. Na leƙa daga nesa, ya dube ni irin kallon da sufeton makarantu yake yi wa malamin da bai rubuta darasi ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

488.

Ɗangiwa ya same ni ina shan shayi. Shi ne mai ɗana nakiya, shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki kuma yatsunsa goma cif, abin da yake nuna wa mutane kamar lambar yabo.

"Malam, turakun nan babu su."

"Waɗanne?"

"Jajayen. Na zagaya jiya da babur, ko guda ban iske ba. An tuge. Awaki aka ɗaurewa da su. Ƙarfe na, gara ba ta ci, wa ka ganin shi ya bari?"

Muka je wurin Injiniya. Ya ce ba komai, wurin kowane rami yana cikin kwamfuta. Ɗangiwa ya dube ni. Ni kuma na dubi fanka.

Bari in rubuta shi sau ɗaya. Lokacin huda, manoma sun yi ta roƙo: kada a huda kusa da rijiya, kada a huda kusa da kabarin Baba, a matsa daga gindin gawo. Ni ne tafinta, ni ne kuma mai son a ce mutumin kirki. Sai in ce wa Ɗangiwa ya matsa. Ya matsa taku goma, ashirin, talatin. Ba mu shigar ba, domin shigarwa sai an cika takarda ta tafi hedikwata ta yi mako biyu. Abin da ke cikin kwamfuta inda aka so a huda ne, ba inda aka huda ba. Ga ƙasar wajen marmara ce, wasu ramukan da kyar suka kai kamu biyu.

Injiniya ya saurara har ƙarshe. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa katse ni ba.

"Malam Gazali, ban ji abin da ka faɗa ba, kai ma ba ka faɗa ba. Saura kwana goma sha biyu mu cika ɗari biyar, manya za su zo, a kan wannan lambar za a sabunta mana kwangila. Bayan biki Ɗangiwa ya je ya nuna wuraren. Ai yana tunawa?"

Ɗangiwa ya ce yana tunawa.

Talata, 13 ga Mayu, da safe

489. Na yi wa ma'aikata lacca a kan hatsarin hawa tsani ba mai riƙewa. Sun tafa.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan magariba

491.

Wajen ƙarfe goma muka ji ta. Duk wanda ke sansanin nan ya san wannan ƙara, ya kuma san yau ba ranar tayarwa ba ce. Mai dafa abinci ne kawai ya ce innalillahi, ya ci gaba da yanka albasa.

Na hau bayan Ɗangiwa a babur muka tafi.

Gonar Kawu ce. Kututture yake tugewa da diga, yana gyaran gona. Kan digar mun gan shi a maƙale cikin reshen gawo. Ƙafarsa ta dama tana can wajen kunya ta huɗu, da takalmin roba a jikinta, ba wanda ya iya zuwa ɗauka domin ba wanda ya san inda zai taka. Ta hagu tana jikinsa amma ba ta da amfanin zama. Ɗanmaliki, babban ɗansa, ya ɗaure masa cinyoyi da rawanin liman, jini ya mai da rawanin baƙi. Ƙuda sun riga mu zuwa.

Kawu yana cikin hankalinsa. Ya gan ni ya ce, "Mai Kwano, ka zo? Hular taka ba ta ƙafa ba ce ko?"

Na kira sansani a turo motar asibiti. Aka ce ta ma'aikata ce, sai da izinin hedikwata. A bayan akori-kura aka kai shi Tambuwal, bisa buhunan ƙaiƙayi. Duk wanda ya san hanyar Kebbe ya san abin da kowane rami ya yi masa. Tun ana jin muryarsa har aka daina.

Saura shida.

Juma'a, 16 ga Mayu, da hantsi

Na tsaya gaban allo da sifili a hannu. Injiniya ya fito da kofinsa.

"Me kake yi, Malam?"

"An yi haɗari, Yallaɓai."

"Ma'aikacinmu ne?"

"Surukina ne."

"Allah Ya ba shi lafiya, wallahi har raina. Amma allon na ma'aikata ne da 'yan kwangila. Ba ni na rubuta ƙa'idar ba."

Gaskiya ya faɗa, na duba. Shafi na sha huɗu. Allo bai san manomi ba.

492.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan isha

493.

Mutanen Tungar Yelwa sun zo bayan azahar. Za su kai ɗari, da gatura da sanduna da barandami, wasu a kan babura uku-uku. Ɗanmaliki ne a gaba, rigar ranar Alhamis ce a jikinsa bai wanke ba.

Ɗangiwa ne ya fita musu. Na ce kada ya fita, ko kuwa na yi niyyar cewa, ban tabbata ba. So yake ya gaya musu ya san wuraren, su zo ya nuna. Ya ɗaga hannuwansa, yatsu goma, ya buɗe baki. Wani ya ce, "Shi na! Shi ka binne su!" Sandar farko a baki ta same shi. Ya faɗi, suka rufe shi. Ina jin ƙarar kamar ana sussuka. Wani ya ɗauko dutsen da muke tokare ƙofa da shi, ya ɗaga da hannu biyu.

Sai masu gadi suka buɗe wuta. Sun ce sama suka harba. Wani mutum mai suna Siddiƙ, mai faci a tasha, wanda ya biyo ayari don kallo, yana kwance da rami a wuya. Ban san tun yaushe sama ta sauko nan ba.

Sun ƙone mota biyu kafin su watse. Allon bai ko yi baƙi ba.

Ni ina ina? Ina bayan tankin ruwa, da hular kwano a kaina. Ta yi aikinta.

Ɗangiwa motar asibiti ta ɗauke shi, shi ma'aikaci ne. Na tambayi Injiniya ko yanzu za a mai da allo sifili. Ya ce wannan matsalar tsaro ce, ba haɗarin aiki ba. Shafi na sha biyar.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma, Tambuwal

A asibiti, gado biyu ne tsakanin Kawu da Ɗangiwa. Ba wanda ya san ɗaya yana nan. Kan Ɗangiwa ya kumbura har ba a gane ta ina fuska ta fara. Wuraren nan shida suna cikin wannan kai.

Bara'atu ta ajiye mini tuwo ba ta zauna ba.

"Malam, kai ka sa hannu an kwashe su duka?"

Na ce aikin yana da matakai.

"Ba matakai nit tambaye ka ba."

Ta ɗauki dusa ta tafi wurin rago.

Talata, 20 ga Mayu, da safe

496.

Kamfani ya sa an yi shela a Tungar Yelwa: duk wanda aka kama da jan turke ɓarawon kayan kamfani ne, kuma shi ya jawo abin da ya faru. Hikima ke nan. Kafin shelar turaku suna tsakar gida, yanzu suna ƙarƙashin gado ko cikin masai.

Ni kuwa ba turakun nake so ba. Wanda ya tuge nake so, domin ya san inda ya tuge.

Jiya da la'asar gabas ta yi duhu, iska ta kaɗa, ba a yi ruwa ba. Ranar da aka yi, gari duka zai fita da sungumi. Ba dokar da za ta hana manomi shuka a ruwan fari.

Laraba, 21 ga Mayu

497. Hadari.

Alhamis, 22 ga Mayu

498. Hadari. An kawo rigunan biki, an ba ni babba.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan magariba

499.

Da hannun hagu nake dafe haƙarƙari, rubutun zai karkace.

Na je Juma'a a Tungar Yelwa ba hula. Da aka sallame na miƙe. Na shirya jawabi mai kyau a hanya, da gabatarwa da komai, sai ya gudu ya bar ni. Abin da na ce kawai: ni Gazali na sa hannu cewa an kwashe nakiyoyin alhali ba a kwashe ba. Ɗangiwa bai binne komai da ra'ayinsa ba. Wanda ya ɗauki turke bai yi sata ba, ni ma da na gani zan ɗauka. Akwai shida a gonakinku. Ku nuna mini inda kuka tuge, in ya so ku yi mini abin da kuka ga dama.

Sun zaɓi su fara da na biyun.

Ɗanmaliki ne ya fara, kuma bai yi gaggawa ba. Ya cire agogonsa ya ba wani. Naushin farko ya tafi da haƙorina na gaba. Na faɗi a kan takalman mutane, aka yi ta sa mini ƙafa, wani yana dukana da buta, abin da har yanzu yake ba ni haushi fiye da sauran. Ɗanmaliki ya durƙusa a ƙirjina ya shaƙe ni, yana cewa, "Tuwonmu kac ci! Cikin gidanmu kac ci tuwo!" Na ga fari, na ga baƙi. Liman yana ta a bari, ba mai ji.

Abin da ya tsayar da su ƙarar ƙarfe ce a kan dakalin masallaci. Wata tsohuwa ce, Fatsuma, ta jefo jan turke, lamba uku.

"In kun gama kashe shi ku gaya min wa ka tono min abin da ke cikin gonata. Kai Ɗanmaliki, kai ka tonowa? Tashi bisa mutum!" Ta juyo kaina. "Kai kau Mai Kwano, tashi ka share jini, ba ka yi kyawon da za a ji tausai ba. Mu tahi in gwada maka. Amma in an gama ina son abuna, akuyata ta saba da shi."

Na bi ta ina ɗingishi. Gabas da rijiya, taku goma sha biyu. Na kewaye wurin da ƙaya.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

500.

Kawu ya rasu da asuba.

Manya sun zo a mota huɗu. An yanka sa, an yi jawabi a kan cewa rai ya fi mai daraja. Injiniya ya ce in tsaya a baya lokacin hoto saboda bakina. Babban baƙo ya girgiza mini hannu ya ce irinmu ne ƙashin bayan kamfani. Na so in gaya masa ƙashin ya tsage, sai na ga zai ɗauka wasa ne.

Na bar su suna cin nama na tafi jana'iza. Abin da aka sa a likkafani gajere ne. Ba wanda ya hana ni shiga sahu, ba kuma wanda ya tsaya kusa da ni.

Talata, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Ban taɓa allo ba tun Asabar. Mai gadi ne yake canzawa, har ya iya.

Turaku suna ta fitowa. Ba mai kawowa a fili, sai dai mace ta aiko a ce in bi ta bayan gida. Ɗaya, biyu, biyar, shida. Kowa ya kai ni inda ya tuge, kuma ba mai kuskuren taku ɗaya, manomi ya san gonarsa fiye da yadda kwamfuta ta san komai. Lamba huɗu a gidan Kawu aka same shi, shi ne na ramin da ya tashi da shi.

Injiniya ya ba ni mutum biyu masu kashe nakiya, da sharaɗin kada a rubuta ko'ina, domin a takarda babu abin da za a kashe. Ya miƙo mini makullin mota. Ban yi masa ba'a ba, ko a zuci.

Biyar sun tashi, ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kallo daga nesa da yatsu a kunne. Fatsuma ta karɓi turkenta.

Saura na bakwai. Ba wanda ya ce ya gan shi.

Alhamis, 29 ga Mayu, da rana, Tambuwal

Ɗangiwa ya buɗe ido ɗaya. Na ce, "Ɗangiwa, lamba bakwai." Ya daɗe yana kallona, sannan ya kira ni da sunan wani ƙaninsa da ya mutu tun suna yara. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila ke nan.

Asabar, 31 ga Mayu, da hantsi, Tambuwal

Bara'atu ba ta jin daɗi, ta ce in kai wa rago ruwa. Karon farko ke nan da na je kusa da shi.

Ya ja igiya, turken ya motsa, busasshen kashi ya ɓantare daga kansa. Ja ne. Na kankare da farce, lamba ta fito: bakwai. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba, har sai da ragon ya tunkuye ni.

Mako uku yana bayan ɗakin girkina.

"Bara'atu, Kawu ya ce miki inda ya samo turken nan?"

"Cikin gonarshi. Yac ce biyu kamfani ya bar mishi, guda nashi guda namu." Sai ta ga fuskata, ta dafa bango. "Malam, ba dai shi na ba?"

Gonar Kawu ta fi kadada uku. Na tuna ya roƙi a matsa masa daga gindin gawo, na tuna na ce a matsa, na kuma tuna ban tsaya ganin huda ba domin an kawo mini fura. Gawo biyar ne a gonar.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan magariba

Mun yini da na'urar neman ƙarfe. Marmara duk ƙarfe ce, na'urar kuka take yi a kan kowane dutse kamar an taka mata wutsiya. Mun tona wuri goma sha ɗaya, ba komai.

Gobe mutanen biyu za su bi injuna zuwa sabon layi. Injiniya ya ce nakiyar za ta lalace da kanta cikin shekara biyu, haka masu yin ta suka rubuta. Na ce ya zo ya gaya wa gidan da ke da baki goma sha huɗu su jira shekara biyu. Ya ce, "Malam Gazali, me kake so in yi?" Da gaske yake tambaya.

Na ajiye masa hular a kan tebur. Da zan fita na duba allo. 508.

Litinin, 2 ga Yuni, la'asar

Ruwa. Kamar da bakin ƙwarya.

Talata, 3 ga Yuni, azahar, gindin gawo

Tun da sassafe na iske Ɗanmaliki a bakin gona da sungumi a kafaɗa, matarsa da ƙannensa mata biyu a bayansa da ƙoren iri. Ƙasa ta jiƙu har kamu guda, duk maƙwabta sun fita.

Na ce ya bar gonar bana.

"Mu ci mi? Takardarka?"

Na ce to ya ba ni sungumin.

"Kai? Ka taɓa saran rami?"

"Na karanta yadda ake yi."

Bai yi dariya ba. Ya dubi bakina, wurin haƙorin, ya dubi gonar. Sannan ya miƙo mini, ba ta ƙota ba, ta wajen ƙarfen.

Ga tsarin: ni ne a gaba, ina sara ina takawa. Su suna bina da iri, taku hamsin a baya, kuma ba mai sa ƙafa sai inda na sa. In na kai ƙarshen kunya in juyo. Ɗanmaliki yana ta yi mini ihu daga baya cewa ramukana sun karkace, ko jaki ya fi ni miƙe layi. Hannuwana sun fashe tun a kunya ta uku. Duk saran da zan kai sai na ji shi a haƙoran da suka rage.

Bara'atu ta aiko da fura daga Tambuwal, da saƙo cewa rago yana lafiya, ta samo masa turken itace. Ba ta ce in dawo ba.

Mun yi kunya ashirin da shida. Sun gama salla, ga Ɗanmaliki can ya miƙe yana kaɗe wando. Zan bar littafin nan a gindin gawo tare da takalmana, nan ya fi aminci.

Saura kunya casa'in da ɗaya.